Na-Sani da Akwatin Sifanar Gwal

Sunan da iyayensa suka raɗa masa ya daɗe da ɓacewa a layin. Kowa Na-Sani yake ce masa, har 'ya'yansa in sun tabbata ba ya kusa. Dalili kuwa, ba ka isa ka kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ka ce, "Da na je asibiti likita ya ce..." sai ya ɗaga maka hannu: "Na sani, hanta ce." Ka ce a'a, ƙafa ce, ya ce ai daga hanta take farowa.

Ya taɓa yin gadi na ɗan lokaci a wani kamfanin sayar da motoci, aikinsa buɗe ƙofa da rufewa. Tun daga nan ya yanke wa kansa hukuncin cewa babu abin da ya shige masa duhu a jikin mota. "Motocin da suka wuce ta gabana," in ji shi, "ko wanda ya ƙera su bai ga yawansu ba." Abu ɗaya ya hana shi zama babban bakanike, a faɗarsa, rashin kayan aiki.

Rannan sai ga shi ya dawo daga kasuwa rungume da wani jan akwati, yana tafe yana baza kafaɗu. Ya dire shi a tsakar gida, ya ƙwala wa matarsa kira.

"Maman yara, zo ki ga arziki!"

Ta fito da ludayi a hannu. Ya buɗe akwatin a hankali. Sifanoni ne jere daga ƙarama har babba, kowace tana sheƙi da ruwan gwal, ga sukundireba kala-kala, ga filaya, ga guduma, ga wani ɗan jak na ɗaga mota kwance a gefe kamar jariri.

"Duk wannan," ya ce, "bai kai kuɗin sifana ɗaya a shagon masu tsada ba. Mai kayan ya ce ƙarfen jirgin sama ne. Garantinsu har abada."

Matar ta leƙa ta ce, "Ƙarfen jirgin sama a wannan arahar? To shi jirgin da me aka bar shi?"

"Ke ba ki san kasuwanci ba. Daga gobe zan buɗe gareji a ƙofar gidan nan. Wancan mai baƙar rigar na tsallake ya fara neman wata sana'ar."

Wanda yake nufi shi ne bakaniken da ke da rumfa daura da gidansu, wani ƙaton mutum mai faɗa da dariyar mugunta, wanda ake kira Baƙin Mai saboda ba a taɓa ganin asalin launin rigarsa ba. Sun daɗe ba sa ga maciji, tun ranar da Na-Sani ya tsaya a kansa yana koya masa yadda ake cire batir.

"Ni dai," in ji matar, tana juyawa ɗakin girki, "kada ka taɓa min keken ɗinki."

Washegari da hantsi Na-Sani ya shimfiɗa buhu a ƙofar gida, ya jera kayan a kai yadda rana za ta haska su, ya zauna yana jiran mota. Mota ba ta zo ba. Mai shayin da ke kusa da ƙofarsu ya tambaye shi ko gwanjon sarƙa ya fara. Yana cikin harararsa sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ta hawo layin tana nishi, maƙil da kankana har ta yi tozo. Layin nasu gangare ne, tun daga saman unguwa har bakin babban titi. Motar ta tsaya daidai ƙofar gidan, hancinta sama, bayanta na kallon gangaren.

Surukinsa ne, mahaifin matarsa, dattijo mai ƙarancin magana da ke noman kankana. Amfanin gonarsa na bana ne gaba ɗaya a bayan motar, kuma akwai dillalin da ke jiransa a kasuwa, wanda ya ce in rana ta take bai gan shi ba zai saya a wurin wani.

Na-Sani ya durƙusa ya gaishe shi.

"Sannu da hanya, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Na ce bari in tsaya in ga jikokina, kuma tayar baya tana sacewa. Kira min wancan bakaniken ya canza min ita. Ita ce ta..."

"Na sani, Baba!" Na-Sani ya miƙe zumbur. "Tun daga nesa na ji ta a kunnena. Wane bakanike kuma, ga ɗanka a tsaye? Shiga ciki ka sha ruwa, kafin ka ajiye kofi na gama."

Dattijon ya dubi kayan da ke ƙyalli a kan buhu, ya dubi surukin nasa. Ya kwana yana lodi, idonsa duk barci. Ya ce, "To, a dai yi a hankali," ya shige ciki.

Na-Sani ya naɗe hannun riga. Nauyin kankana ya danne tayoyin baya duka biyun, kowace ta yi tumbi. Ya zagaya, ya harbi ta dama da ƙafa, ya harbi ta hagu, ya gyaɗa kai irin na masana, ya tsuguna a gaban ta hagu. Ita ce a cikin inuwa.

Mai shayi ya leƙo daga bayan teburinsa. "Na-Sani, ni kam kamar waccan ta..."

"Na sani! Kai dai ji da madararka."

Daga tsallake Baƙin Mai ya ajiye aikin da yake yi. Ya goge hannu, ya ɗauko benci, ya tsallako da shi, ya dasa a bayan motar ta wajen gangare inda zai ga komai, ya zauna ya harɗe ƙafa.

"Me ya kawo ka?" in ji Na-Sani.

"Karatu na zo ɗauka, Injiniya."

"To buɗe idonka da kyau, ba na maimaitawa."

Da farko akwai murfin ƙarfe da ya rufe notunan tayar. Na-Sani ya zaɓi sukundireba mafi girma, mai jan mariƙi, ya cusa bakinsa a gefen murfin, ya danna. Murfin bai motsa ba. Sukundireban ne ya motsa: bakinsa ya murɗe ya koma kamar wutsiyar alade. Ya zaro shi ya duba, ya yi saurin cewa, "Ka gani? Irin na zamani ne, yana bin siffar aikin." Ya ɗauko na biyu. Wannan bai murɗe ba, mariƙin ne ya zare ya bar ƙarfen a maƙale. A ƙarshe mai shayi ya miƙo masa cokali, murfin ya faɗo da bugu ɗaya.

"Na riga na sassauta shi," in ji Na-Sani.

"Kowa ya shaida," in ji Baƙin Mai.

Mutane suka fara taruwa. Tela ya bar kekensa, masu jiran shayi suka juyo da kujerunsu, mata suka leƙo ta tagogi. Ganin jama'a ya ƙara wa Na-Sani ƙarfi. Ya ɗaga sifanar taya sama yadda kowa zai gani, doguwa mai lanƙwasa a kai, rana na wasa a jikinta.

"Wannan da kuke gani, ko tayar jirgin ƙasa aka kawo, sai dai a ba ta haƙuri."

"Jirgin ƙasa yana faci ne?" wani ya tambaya.

"Ba a ƙasarku ba."

Ya saka ta a noti, ya danna. Shiru. Ya ƙara dannawa har jijiyar wuyansa ta fito. Notin nan ya shekara yana shan ruwa da laka, ko gezau. Na-Sani ya cire takalmi, ya dafa jikin motar, ya hau kan sifanar da ƙafa biyu, ya fara tsalle a kanta. Sai ya ji tana sauka a hankali, lumui, kamar an sa masa katifa.

"Ya kwance!" ya yi ihu. "Kun gani? Ya kwance!"

Ya sauka har ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Da ya duba, notin na nan inda yake. Sifanar ce ta rusuna ta zama lauje.

Layin ya ɗauki dariya. Baƙin Mai har da buga cinya.

"Injiniya, ajiye ta, damina na zuwa, ka yi yankan ciyawa."

"Jahilci dai ba daɗi," in ji Na-Sani yana haki. "Da gangan aka yi ta haka. In nauyi ya yi yawa sai ta lanƙwasa don kada ta ji wa notin ciwo. Kai naka kayan ai ba su da tausayi."

Ya share gumi da tafin hannu. Dariyar ta ƙaru, bai san dalili ba. Ruwan gwal ɗin sifanar ne ya bi gumi ya koma hannunsa, daga hannu ya koma goshi da kumatu. Inda ya riƙe kuwa, sifanar ta fito da asalin launinta, toka-toka kamar tsohon kwanon sha.

Matarsa ta leƙo daga ƙofa. Ta dube shi ta riƙe haɓa.

"Baban yara, wa ya yi maka kwalliya?"

"Koma ciki. Baba fa?"

"Barci ya ɗauke shi a kan kujera. Don girman Allah ka bar mutumin nan ya canza tayar kafin ya tashi. Dillali na jira."

"In bar wa? Aikin da na ci rabinsa?"

Ya koma akwati ya ɗauko wata sifana mai zagayayyen baki, ya ɗora a notin. Ta zauna daram. Ya ja, sai ta juya sumul, ba wata gardama. Ya yi ta juyawa yana murmushi yana kallon Baƙin Mai. Ya juya, ya juya, har hannunsa ya gaji. Da ya cire, haƙoran cikin sifanar sun shafe tas, bakin ya zama zobe, garin ƙarfe na zuba daga ciki kamar gishiri.

"Notin ne ya cinye ta," in ji tela.

"Yunwa yake ji, ba shi wata," in ji mai shayi.

Ran Na-Sani ya fara ɓaci. Ya ce abin da notin nan yake bukata shi ne tarbiyya. Ya ɗauko guduma, ya ce kowa ya matsa. Ya ja baya, ya ɗaga ta har bayan ƙeya, ya kawo duka da iya ƙarfinsa. Abin da ya sauka a kan notin sanda ce tsirara. Kan gudumar tun a sama ya yi sallama da ƙotarsa, ya tashi ta kan jama'a, kowa ya sunkuya, ya yi wani lilo a iska, ya faɗa tsulum cikin tukunyar mai shayi.

Ruwan zafi ya fantsama. Masu shan shayi suka watse da kofunansu, wani ya bar takalmi. Mai shayi ya tsaya da matatar shayi a hannu, baki sake, yana kallon tukunyar da ta fara tsiyaya ta ƙasa.

"Na-Sani! Ka huda min tukunya!"

"To ka ga ingancin ƙarfen ke nan. Da na banza ne ai da bai huda ba."

"Wallahi yau sai ka sha shayin nan duka, har da gudumar!"

Ana cikin rirriƙe mai shayi, sai aka ji wata murya daga ƙasan layin tana tahowa: "Kayan aiki! Ƙarfen jirgin sama! Garanti har abada!" Mai kayan ne da kansa, wani siririn mutum mai baƙin tabarau, yana turo baro cike da jajayen akwatuna. Ya ga taro ya ɗauka kasuwa ce, ya kutso ya yi fakin kusa da bencin Baƙin Mai.

Na-Sani ya yi kansa da laujen a hannu ɗaya, ƙotar guduma a ɗaya. Ya rage murya don kada jama'a su ji, amma kowa ya kasa kunne.

"Malam, ba kai ka ce min garanti har abada ba?"

Mai kayan ya sauke tabarau ya dubi sifanar. "Subhanallahi. Me ka yi mata?"

"Noti na kwance da ita."

"Noti? Na ƙarfe?"

"Da na mene ne?"

"Ai ka ji. Ka haɗa ƙarfe da ƙarfe, dole ɗaya ya ji jiki. Ni garantina yana aiki ne muddin kaya na cikin akwati. Ka ajiye su ka gani, jikokinka ma sai sun gada."

"To amfanin me za su yi min a akwati?"

"Kwarjini, ranka ya daɗe. Ba ga shi ka tara jama'a ba?"

Baƙin Mai ya kusa faɗowa daga benci. Na-Sani ya ga in ya ci gaba da rigimar, ya amsa a gaban kowa cewa an cuce shi ke nan. Sai ya juya ya ce da ƙarfi, "Na sani! Gwada shi nake yi in ga ko ya san kayansa." Mai kayan ya gyara tsayuwa ya fara yi wa tela tallan akwati.

Rana ta fara ɗagawa. Na-Sani ya buɗe ƙofar motar kamar mai duba wani abu, ya laluba ƙarƙashin kujera, ya ci karo da tsohuwar sifanar surukinsa, baƙa ƙirin, duk tsatsa. Ya ɓoye ta a jikin cinyarsa, ya dawo ya juya wa jama'a baya. Notin farko ya yi ƙara ya kwance. Sauran suka bi.

"Wannan kuma daga wane akwatin?" in ji Baƙin Mai.

"Share fage kawai take yi. Nawa ne suka karya masa lago."

Saura ɗaga mota. Ya fito da ɗan jak ɗin, ya hure shi, ya tura ƙarƙashi. Wannan karon Baƙin Mai bai yi dariya ba.

"Kai, bar wasa. Wannan ko keken yara ba zai ɗauka ba. Sauke kayan tukuna, ko in kawo maka nawa."

"Na sani, so kake a ce da kayanka aka yi. Zauna ka ga aiki."

"To kada ka sa ko yatsa a ƙarƙashi. Ku kuma ku ja baya."

Mai kayan ya matsar da baronsa kaɗan.

Abin mamaki, jak ɗin ya ɗaga. Yana kuka, yana karkarwa kamar ɗan akuya a ruwan sama, amma ya ɗaga. Tayar ta bar ƙasa. Na-Sani ya zare ta, ya gangaro da ita gefe, ya ɗora ƙafa ɗaya a kai, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. Har wasu suka tafa.

"Wa ya ce araha ba ta aiki?"

"Saura tayar safaya," in ji tela.

Na-Sani ya ce ya sani, safaya tana bayan mota ƙarƙashin kaya. Ƙofar bayan a-kori-kurar sakatarta ta daɗe da lalacewa, da wata kakkaurar waya dattijon ya ɗaure ta. Na-Sani ya ɗauko filaya ya kama wayar ya fara warwarewa. Ya warware rabi, ya matsa da ƙarfi, sai ƙusar tsakiyar filayar ta yi tsalle, filayar ta rabu biyu, ta haɗa da fatar hannunsa ta cije. Ya yi wata ƙara, ya cusa hannun a hammata yana rawa a wuri ɗaya.

"Yanzu ka samu biyu," in ji mai kayan. "Ba ƙarin kuɗi."

Yana cikin rawar ya ɗaga kai sama, sai ya hango safayar a ɗaure a kan rufin motar, inda take tun da aka zo. Wayar kuwa ta riga ta tsinke, ƙofar ta fara buɗe baki, kankana na leƙowa. Ya tokare ta da kafaɗa, ya ce a miƙo masa wata siririyar igiyar roba da ke cikin akwatin. Ya ɗaure, ya ja, ya buga ƙofar da tafi.

"Wannan giwa ma za ta riƙe."

Daidai nan dattijon ya fito yana gyara hula, 'yarsa na biye da shi. Ya dubi rana, ya dubi taron, ya dubi fuskar surukinsa mai ruwan gwal. Sannan ya dubi tayar da ke kwance a ƙasa. Ya taka ta da ƙafa. Tauri kamar dutse.

"Wace taya ka cire?"

"Mai facin, Baba."

"Wannan sabuwa ce. Ba a daɗe da sa ta ba." Ya nuna ɗaya gefen da haɓa. "Waccan ce."

Kowa ya zagaya ya leƙa. Tayar dama, wadda take cikin rana, ta gama sacewa tun tuni, ta kwanta shame-shame kamar fatar da aka shanya.

"Sau nawa ina so in faɗa masa," in ji mai shayi.

Na-Sani ya dubi tayar. Bai taɓa rasa amsa ba, yau ma bai rasa ba. "Na sani, Baba. Ai dabara ce. In ka cire mai lafiyar ka huta da ita, sai iskar..."

Don ya nuna yadda iskar za ta yi, sai ya jingina da jikin motar.

Jak ɗin ya yi wani siririn kuka, ya naɗe a hankali kamar mai gaisuwa, sannan ya baje. Gindin motar ya faɗo ƙasa rim! Igiyar da za ta riƙe giwa ta yi ɗas. Ƙofar baya ta wangale.

Kankana ta farko ta faɗo ta tsaya kamar tana tunani. Sai sauran suka biyo ta gaba ɗaya.

Layin ya rikice. Kankana ta kama gangare, manya da ƙanana, wasu na tsalle, wasu na fashewa, wasu na tsere da juna. Baƙin Mai, da ya zaɓi wurin da ya fi kowane kyan kallo, shi suka fara samu. Yana tsakiyar dariya wata ƙatuwa ta daki ƙafar bencin, bencin ya kife, ya zauna daɓas a kan wata, ta fashe a ƙarƙashinsa. A karon farko aka ga wani launi a jikin rigarsa. Mai kayan ya yi ƙoƙarin gudu da baronsa, kankana ta riga shi, baron ya tuntsure, jajayen akwatuna suka tarwatse, sifanonin gwal suka watsu a titi, waɗanda kankana ta bi ta kansu duk suka lanƙwashe.

"Kayana! Wa zai biya ni?"

"Sun fita daga akwati," in ji tela yana gudu, "ba garanti!"

Awaki suka fito daga lunguna kamar an aika musu. Mata na ihu a tagogi, kowace na nuna wa mijinta wadda zai tare. Wani mai keke da ke hawowa ya ga abin da ke tahowa, ya juya ya koma inda ya fito. A can bakin titi motoci suka tsaya cak, ana ta hon, direbobi na fitowa suna tsinta.

Na-Sani ya bi wata da gudu yana ihun "Ku tare! Ku tare!", ya taka ɓawo, ƙafafunsa suka yi sama, ya sauko da baya ya bi gangaren shi ma, har sai da ya tsaya a gindin teburin mai shayi. Mai shayi ya leƙo ya dube shi.

"Da madara ko babu?"

Da ƙura ta lafa, layin ya yi ja kamar mahauta. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya tsaya hannu a baya yana kallon noman shekararsa a bakin awaki. 'Yarsa ta rufe fuska da mayafi, ba a san ko kuka take ko dariya ba. Maƙwabta suka yi ta tattaro waɗanda suka tsira suna tarawa a ƙofar gida, aka samu abin da ya fi rabi kaɗan.

Na-Sani ya taho yana ɗingishi, 'ya'yan kankana manne a gashinsa, ya durƙusa.

"Baba, in ka lura da kyau, laifin gangaren ne. Na san..."

"Rufe min baki." Dattijon ya juya wurin Baƙin Mai, wanda ke matse rigarsa. "Malam, a taimaka a ɗaga min motar nan."

"Sai dai bayan la'asar, Baba. Ya lanƙwasa mata ƙafa."

"To." Ya nuna baron mai kayan da ke kife. "A ara mana wancan. Kai kuma tashi. Dillali ba zai jira mota ba. Ka ce kana son aikin taya, ga taya ɗaya nan, tura."

Mai kayan ya buɗe baki zai yi magana, dattijon ya dube shi sau ɗaya, ya mayar da tabaransa ya ja gefe.

Aka loda baron har ya yi tsini. Na-Sani ya kama hannayen, ya fara gangarawa, dattijon na biye da shi taku-taku, jama'ar layi na biye da dattijon, domin babu wanda ya yarda a ba shi labarin ƙarshen. Sawu da yawa ke jiransa, ga rana ta kusa takewa. Tayar baron kuwa tana ta kuka, ƙiii, ƙiii, duk juyi ɗaya.

Sun kai bakin wata kwata mai cike da ruwa, sai Na-Sani ya tsaya. Ya karkata kai yana saurare. Idonsa ya fara haske.

"Baba, ka ji wannan ƙarar? Noti ne ya yi sako-sako. Yanzun nan zan..."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro wata 'yar sifana, ita kaɗai ta rage da gwal ɗinta.

Layin gaba ɗaya ya ɗauka: "A'a!"

Dattijon ya miƙa hannu. Na-Sani ya ba shi. Dattijon ya juya ta gaba da baya, ya saki a cikin kwatar. Kowa ya leƙa yana jiran ya ji tsulum.

Ba ta nutse ba. Ta kwanta a saman ruwan, ta yi wani juyi, ta kama hanya tana tafiya abinta tana ƙyalli.

Na-Sani ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya kama hannayen baron, ya juyo da fuskarsa mai gwal, cike da alfahari.

"Ka gani ko, Baba? Har ruwa ta iya."